Facin Auta da maganar fitar da 1.0 ranar Juma'a

Autan Kamba
Assalamu alaikum jama'a. Ina da ƙorafi, kuma gara in kawo shi nan kowa ya sa baki. Facin (wato gyaran kod) da na tura wa laburarenmu na zane (tarin kod ɗin da shirye-shirye ke kira su yi zane), wanda zai sa ya riƙa rubuta ajami a kan jadawali da hotunan farashi, Yaya Injiniya ya dawo mini da shi. Bai ce ba ya aiki ba, cewa ya yi in je in rarraba shi. Alhali na ɗaura HarfBuzz, laburaren siffanta rubutu, yana haɗa haruffan yadda ya kamata, na gwada da font ɗin Harmattan da na Alkalami, wasula duk suna zama a mazauninsu. Mu biyar ne fa ke taɓa kod ɗin nan, ba Google ba ne. Shawarata a haɗe shi, a fitar da siga 1.0 ranar Juma'ar nan. Mun gaji da zama a 0.9.

Ɗan Argungu
Wa'alaikumus salam. Na ga hotunan da ya saka, wallahi ajamin ya fito tsaf. Injiniya, a sassauta wa yaro mana.

Injiniya Na-Jega
Wa'alaikumus salam. Auta, aikin ajamin ya yi kyau, na faɗa maka a can, ina maimaitawa a nan. Amma bari jama'a su ji abin da ka turo. Kwamit (dunƙulen canji da ake ajiyewa a Git, mai riƙe tarihin kod) ɗaya ne tak, saƙonsa kuma kalma ɗaya: "gyare-gyare". A cikinsa akwai ajamin kansa. Akwai sauya duk tab zuwa sarari a kusan kowane fayil, ina jin editanka ne ya yi maka haka da kansa, shi ya sa Git ke nuna layi dubbai sun canza alhali aikin gasken kaɗan ne a ciki. Akwai `zana_rubutu()` da ka ƙara wa gurbi na biyar don alkibla. Akwai wurin ajiye PNG da ka sake rubutawa, wanda babu ruwansa da ajami. Sannan ka sake fitar da duk hotunan gwaji, waɗanda ake kwatanta sabon zane da su, ka danne tsofaffin da su. Ni ta ina zan fara karantawa? In na haɗe wannan, wata uku nan gaba wani ya ce layukan jadawali sun karkace, `git blame` zai nuna sunanka a kowane layi, ba abin da zai gaya mana.

Autan Kamba
Hotunan gwajin dole ce ta sa, Yaya. Tun kafin in taɓa komai yawancinsu faɗuwa suke a kwamfutata. Harafi ya ɗan matsa da ɗigo ɗaya, gwaji ya ce an yi ɓarna. To in bar su a faɗe?

Ɗan Zuru
A nan kam Auta yana da gaskiya, amma rabi. Dalilin faɗuwar shi ne FreeType ɗin (laburaren zana haruffa) da ke kwamfutarka ba shi ne wanda aka yi hotunan farko da shi ba. Kowace siga tana ɗan bambanta wajen shafa gefen harafi, ido ba ya gani amma mai kwatanta ɗigo da ɗigo yana gani. Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Mutanen Matplotlib, wani laburaren zana jadawali, saboda wannan matsalar suka kafe FreeType 2.6.1 shekara da shekaru don gwajin hotunansu, kowa ya gina da ita ɗin, ko mene ne ke cikin na'urarsa. Mu ma haka ya kamata: siga ɗaya ta FreeType, font ɗaya a cikin babban fayil ɗin gwaji, a daina dogara da abin da kowa ya tarar a kwamfutarsa.

Ɗayan rabin kuma ga shi. Jiya da dare na jera tsofaffin hotuna da sabbinka ina dubawa ɗaya bayan ɗaya. Ka buɗe na sandunan farashin shinkafa, wanda koren yake rabi-rabi ana hango layukan baya ta cikinsa. A tsohon, kore ne mai haske. A naka ya yi duhu kamar an shafa masa toka, gefen haruffan da ke kan fili marar launi kuma ya yi baƙin zobe. Wannan ba FreeType ba ne. Cairo, laburaren da muke zane a kansa, yana ajiye launi ne bayan ya riga ya ninka shi da alfa, wato ma'aunin bayyanarsa. Jan da ke rabin bayyana 0x80800000 ne a wurinsa, ba 0x80ff0000 ba. PNG kuwa yana son launin a cike, alfa a gefe. Da kake miƙa wa libpng, laburaren PNG, ɗigogin kai tsaye don sauri, ka gyara jerin shuɗi da ja amma ba ka warware ninkin ba. Gwajin da zai kama wannan shi ne wanda ka danne.

Malama 'Yar Yawuri
Innalillahi. Wannan koren da shi nake fitar da takardun sakamakon yara. Da an fitar ranar Juma'a ke nan Litinin in buga aji guda da dauɗa?

Autan Kamba
Anti, layi biyu ne gyaran, yanzu ma zan iya. Kuma ajiyewar ta fi sauri sosai a kan manyan hotuna, ba don wasa na taɓa wurin ba. Ni a ganina wannan ma hujjata ce: an duba, an gani, za a gyara. Ina amfanin sai na yanka aikina gida biyar?

Malam Na-Gwandu
Salamu alaikum. Na karanta tun daga sama. Auta, ɗana, wanga aiki naka ba a raina shi ba, kuma ajami cikin laburaren nan abu ne da na daɗe ina fata. Amma ka lura da yadda aka gani. Ɗan Zuru ya hana idonsa barci yana jera hotuna, shi ya sa. Ba kullum za a samu mai wagga juriya ba.

Hoton gwaji mudu ne. Mai awon shinkafa a kasuwar Jega, in aka ce awonsa ya ragu, ba ya zuwa ya yanke bakin mudun sannan ya ce ga shi ya cika. In mudun ne ya lotse, a gaban mutane ake canza shi, a faɗi dalili. To haka nan: wanda zai canza hoton gwaji ya yi shi a kwamit nasa na daban, ya rubuta mi yas sa, kuma hotunan da aikinsa ya shafa kaɗai.

Game da yankawa gida biyar, bari in ba ka misalin Mesa, tun da zane muke magana. Brian Paul ya fara ta a 1993, yau ita ke tuƙa OpenGL da Vulkan, hanyoyin zane da katin hoto, a kusan kowace kwamfuta mai Linux, da direbobin Intel da AMD da na ƙananan na'urori irin Panfrost da Freedreno duk a ciki. A ƙa'idojinsu na turo faci akwai cewa kada a cakuɗa gyaran tsarin rubutu da gyaran aiki, faci ya tsaya kan sashe guda in da hali, kuma kowane kwamit ya ginu shi kaɗai ba tare da jiran na gaba ba. Saƙon kwamit ya fara da sunan sashen da aka taɓa, layi kada ya wuce harafi 75. Kai, har shigar layi da sarari uku suke yi a tsakiyar kod ɗinsu, abin da ban taɓa jin daɗinsa ba, amma in za ka tura musu haka za ka bi.

Dalilin na ukun shi ne `git bisect`. Kana gaya masa sigar da ke lafiya da wadda ta lalace, shi kuma ya riƙa raba tazarar biyu yana ba ka ta tsakiya ka gwada. Kwamit dubu, gwaji kamar goma ya kai ka kan mai laifin. Amma in mai laifin ya fito "gyare-gyare" mai layi dubbai, ya kai ka bakin unguwa ne kawai, bai nuna maka gida ba. In kuma rabin kwamitocin ba su ginuwa, ko gwajin ba za ka iya ba.

Ɗan Argungu
Malam, da girmanka, amma Mesa kamfanoni ke biyan mutane albashi su zauna kanta. Suna da ɗakuna cike da na'urori da ke gwada kowane faci, suna da Marge Bot da ke haɗewa da kansa in gwaji ya wuce. Mu fa? Auta da batirin laftop yake aiki, in wuta ta ɗauke shi ke nan sai gobe, data kuma daga aljihunsa. A ce kowane kwamit sai ya gina ya gwada daban, ai yaran da muke roƙo su shigo guduwa za su yi. Kuma in faɗi gaskiya, waɗannan dokokin da Injiniya ke kama mutane da su, a ina aka rubuta su? Na duba ma'ajiyar, babu. A kansa suke. Mutum ba ya sanin doka sai ya taka ta.

Malama 'Yar Yawuri
Wannan ta ƙarshen gaskiya ce. Ɗalibaina biyu sun so gyara rubutun bayani, tsoron a dawo musu da shi ya hana su.

Injiniya Na-Jega
To a rubuta, ni ma hutu ne gare ni. Fayil ɗin CONTRIBUTING, shafi ɗaya, kada ya wuce abin da mutum zai karanta a waya yana tsaye. Amma maganar batir ba ta kai yadda ka ɗauka ba, Ɗan Argungu. Gwajinmu duka bai kai minti biyu ba. `git rebase -x "meson test -C build" main` zai bi kwamitocinka ɗaya bayan ɗaya ya gina ya gwada, ya tsaya a wanda ya faɗi. Ba ya cin data ko kaɗan. Mai cin datar shi ne turo hotunan gwaji duka sabbi, domin PNG ba rubutu ba ne, Git zai riƙe tsoho da sabo har abada, kuma duk wanda zai sauke ma'ajiyar nan gaba sai ya biya kuɗinsu.

Ɗan Argungu
Wannan kuma ban yi tunaninsa ba. Amma sarari uku dai ba za mu ɗauka ba.

Injiniya Na-Jega
Allah ya kiyaye. Tab muke, tab za mu ci gaba. Zan saka `.editorconfig` da `.clang-format` don edita ya daina yi wa mutane shisshigi.

Autan Kamba
Na ji, zan rarraba. Amma 1.0 fa? Duk wanda na nuna wa laburaren sai ya ce sifili da ɗigo, ashe bai gama ba. Lambar nan tana kashe mana kasuwa.

Ɗan Zuru
1.0 alkawari ne, Auta. A tsarin SemVer, muddin kana 0 kana da damar canza komai. Ranar da ka ce 1.0.0, ka ce wa duniya ƙofofin laburaren, wato ayyukan da shirye-shirye ke kira, sun tsaya: gyaran kwaro ya ɗaga lambar ƙarshe, sabon abu da bai fasa tsoho ba ya ɗaga ta tsakiya, duk abin da ya fasa kod ɗin mutane kuma sai 2.0. To facinka da kansa ya fasa. Shirin Anti yana kiran `zana_rubutu()` da gurbi huɗu. In ta sake ginawa, ginin zai ƙi, wannan ma da sauƙi domin za ta gani. In kuwa fayil ɗin .so, wato ginannen laburaren, kawai aka musanya mata ba a canza soname (sunan da shiri ke neman sa da shi) ba, shirin zai tashi lafiya, aikin ya je ɗaukar gurbi na biyar ya kwaso duk shara da ya tarar a wurin, rubutu ya fito ta alkiblar da Allah ya so. Irin wannan kwaron ne ke sa mutum ya zargi firinta.

Malam Na-Gwandu
Waɗanda suka yi zamani da libpng 1.5 a 2011 sun san wanga ciwo. Sun ɓoye cikin `png_info` da `png_struct`, aka hana shirye-shirye leƙawa kai tsaye sai ta hanyar ayyukan da aka tanada. Matakin daidai ne, kuma sun daɗe suna gargaɗi, amma duk da haka shirye-shirye da yawa suka ƙi ginuwa sai da aka bi su da faci. To mu tun yanzu ya kamata mu duba namu. Tsarin `shafi` a buɗe yake cikin fayil ɗin kai, kowa na iya taɓa faɗi da tsawo da hannunsa. In mun ce 1.0 a haka, ko gurbi ɗaya ba mu da ikon ƙarawa a tsakiyarsa. A rufe shi tukuna, yadda Cairo ya yi da `cairo_t`.

Maganin na Auta kuma sauƙi gare shi: a bar `zana_rubutu()` yadda take, a ƙara `zana_rubutu_da_alkibla()`, tsohuwar ta riƙa kiran sabuwar a ciki.

Autan Kamba
Sunan ya yi tsawo, Malam.

Malam Na-Gwandu
Edita zai ƙarasa maka. Kuma ka ga na rubuta alkibla da k marar lanƙwasa da gangan. Saƙon kwamit a yi shi da Hausa da ƙ da ɗ da ɓ duka, UTF-8 ne, Git bai damu ba. Amma sunan aiki da na fayil a bar su a haruffan ASCII, kada wata rana mu wuni muna faɗa da wani tsohon kwamfaila a kan Windows.

Ɗan Argungu
To in ba 1.0 ba, me? Bayan 0.9 ai babu sauran wuri.

Ɗan Zuru
0.10.0.

Ɗan Argungu
0.10 ai bai kai 0.9 ba. Baya za mu koma?

Ɗan Zuru
Ba lissafin ɗigo ba ne na makaranta, lambobi uku ne daban-daban aka jera. Goma ta fi tara.

Malama 'Yar Yawuri
Ka gaya wa shugaban makarantarmu haka in ya ga takardar.

Malam Na-Gwandu
Ba dole ne SemVer ba, in ana son a sani. Mesa daga 13.0 ta yi tsalle zuwa 17.0 a 2017, ta koma lambar shekara: 24.0, 24.1, haka, kusan kowane wata uku sabuwa. Ya dace da su domin ƙofofin da mutane ke kira ba nasu ba ne, Khronos ke tsara OpenGL da Vulkan, su cikawa suke. Cairo kuma cika da mara yake bi: lambar tsakiya in cika ce, kamar 1.16 ko 1.18, tsayayyiya ce, in mara ce kamar 1.17 ta gwaji ce. Kuma ku dubi haƙurinsu, 1.16.0 ta fito a 2018, 1.18.0 sai 2023. Ban ce mu yi shekara biyar ba. Amma mu da muka ƙirƙiri ƙofofinmu da kanmu, kuma har yau muna gardamar sunayensu, SemVer da sifili a gaba shi ne gaskiyar halin da muke ciki.

Malama 'Yar Yawuri
Ni lamba ba ta dame ni ba, rana ce ta dame ni. Don Allah kada a sake fitar da komai ranar Juma'a. Ana saukowa daga masallaci kowa ya watse, Asabar ɗaurin aure, Lahadi wani yana hanyar Sakkwato. In abu ya fashe ni kaɗai ce da shi har Litinin. Kuma makon buga sakamako ba na son sabon abu ko na zinariya ne. Ajamin ina so, malamin Islamiyyarmu ma ya tambaya, amma bayan hutu.

Injiniya Na-Jega
Malama ta kawo abin da ya fi duk wanda muka faɗa. Wannan kam za mu kwafa daga Mesa ba kunya. Su Laraba suke fitarwa. Kafin sabuwar siga suna yanke reshe, su fitar da ta gwaji mai rc1, bayan mako rc2, har sai ta natsu. Reshen da ya riga ya fita kuma gyaran kwaro kaɗai ke shiga cikinsa, kusan kowane mako biyu, kuma sai gyaran ya fara shiga babban reshe kafin a ɗauko shi. Har a takardar sanarwarsu suna gaya wa mai son kwanciyar hankali ya tsaya kan tsohuwa ko ya jira mai .1.

Namu ƙarami: reshen 0.9 ya zauna domin Malama da duk mai buga takardu. Babu ajami a ciki, babu sabon PNG. Wanda ya gyara kwaro ya sa layin `Fixes:` da lambar kwamit ɗin da ya kawo kwaron, ni kuma da wannan zan san ko ya shafi 0.9 in ɗauko shi da `git cherry-pick -x`. 0.10.0-rc1 ta fita wata Laraba, a ba ta mako guda, Malama ta gwada a kwamfuta ɗaya ta ɗakin karatu, Ɗan Argungu ya gwada a shagonsa.

Malama 'Yar Yawuri
Kwamfutocin namu tsofaffi ne fa, irin masu Intel na da. Wani ya ce mini Mesa ta daina kula da su. Zai shafe mu?

Malam Na-Gwandu
Ba zai shafi laburarenmu ba, domin mu a kan CPU muke zane ta hanyar Cairo da pixman, ba mu taɓa katin hoto. Abin da ya faru shi ne a 22.0 sun cire tsofaffin direbobi irin i965 da r200 daga babban reshe, suka bar su a wani reshe mai suna Amber da aka yanka daga 21.3. Yawancin waɗancan Intel ɗin kuma direban Crocus ya ɗauke su. Ko cirewar ma sai da suka tanadi inda mai tsohuwar na'ura zai fake.

Ɗan Zuru
Tun da ana rubuta tsarin fitarwa, ina da sharaɗi ɗaya da ba zan janye ba: kada mutum ɗaya ya haɗa ƙunshin fitarwa shi kaɗai. Ku tuna xz, manhajar matse fayil, a Maris 2024. Wani asusu ya shafe kusan shekara biyu yana turo gyare-gyare masu kyau har aka ba shi ikon fitarwa, sannan ya dasa ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse, a 5.6.0 da 5.6.1. Wani ɓangaren dabarar ba ya cikin Git sam, a cikin ƙunshin da ake saukewa kawai yake, sauran kuma an ɓoye shi cikin fayilolin gwaji da ba mai karantawa. Andres Freund ne ya gano, shi ma don ya ga shiga ta SSH ta ƙara kamar rabin daƙiƙa. Ku lura da wurin ɓuyan: fayilolin gwaji waɗanda ba rubutu ba. Mu ma muna da babban fayil cike da irinsu.

Autan Kamba
Haba Yaya, yanzu kuma ni ne mai ƙofar baya?

Ɗan Zuru
Wane ni. Kai mun san gidanku a Kamba. Gobe nake ji, ranar da wanda ba mu sani ba zai turo. Sa hannun GPG, na makullin sirri, kaɗai bai isa ba, domin wanda ya yi na xz yana da ikon sa hannu. Abin da nake so: Injiniya ya sa tambari mai sa hannu a kan kwamit, ya yi `meson dist`, wanda ke ɗauko abin da ke cikin Git kaɗai ya gina ya gwada kafin ya ƙunshe. Ni ko wani ya sauke tambarin a tasa kwamfutar, ya kwance ƙunshin ya kwatanta da abin da ke Git. In sun yi daidai, a wallafa da SHA-256.

Ɗan Argungu
Kuma makullin kada ya zama a laftop ɗin Injiniya kawai. In ya tafi Umra ko aka yi masa sata a tasha, sai mu zauna?

Injiniya Na-Jega
Ba a raba makulli ɗaya. Ɗan Zuru ya yi nasa, a rubuta zanen yatsan duka biyun a ma'ajiya, kowanne ya isa sa hannu.

Malam Na-Gwandu
A ƙara layin `Signed-off-by` ma, irin wanda Linux ta kawo a 2004. `git commit -s` ne kawai. Mai turowa yana shaida cewa shi ya rubuta ko yana da izinin bayarwa a ƙarƙashin lasisinmu. Mu MIT muke, in wani ya kwaso kod mai GPL ya liƙa mana, mun shiga rigimar da ba mu da lauyanta. Font ɗin gwajin kuma Harmattan da Alkalami duka na SIL ne a ƙarƙashin OFL, za mu iya ajiye su muddin takardar lasisin na tare da su.

Sai tambaya ɗaya gare ka, Auta. Ka gwada lakabin da ya haɗa ajami da lamba da boko a layi guda? Kamar sunan kasuwa da ajami, sai 2024, sai kalmar boko a ƙarshe?

Autan Kamba
Yanzu na gwada. Lambar ta fito 4202.

Malam Na-Gwandu
Haka na zata. HarfBuzz yana siffanta yanki ne mai alkibla ɗaya, ka ce masa dama zuwa hagu ya juya duka. Rarraba layi zuwa yankuna da jera su aikin tsarin bidi ne na Unicode, mai jera rubutu mai alkibla biyu, kuma HarfBuzz ba ya yinsa. Sai laburaren FriBidi ko ICU.

Ɗan Zuru
Ko mu ɗauki Pango, laburaren jera rubutu, gaba ɗaya mu huta. Yana da bidi, yana da HarfBuzz a ciki, yana zaɓen wani font in harafi ya ɓace, kuma da Cairo aka saba haɗa shi.

Ɗan Argungu
Pango zai jawo GLib da 'yan rakiyarsa. Ni nake gina na Windows, ni na san abin da zan sha, kuma fayil ɗin saukewa zai kumbura. FriBidi ƙarami ne.

Injiniya Na-Jega
FriBidi LGPL ne, Pango ma haka, Cairo da muke kai ma LGPL ko MPL ne, don haka ta fuskar lasisi ba sabon abu. Wannan gardamar a buɗe mata tata takardar a ma'ajiya, kada ta nutse a nan. Auta, ga jerin da nake jira: na farko kafe FreeType da font ɗin gwaji, Ɗan Zuru zai taya ka, facin nan ne kaɗai zai taɓa tsofaffin hotuna. Na biyu sabon aikin alkibla da tsohon a raye. Na uku ajamin da hotunansa sabbi. PNG mai sauri ya zo daban, da lambobin awo kafin da bayan, da gwajin koren nan. Sauya tab kuma a jefar.

Autan Kamba
Na farkon zai shigo yau in wuta ta kai dare. Amma a rubuta a takardar cewa ina nan kan bakana: da an rufe `shafi` an gama bidi, 1.0 ce ta gaba, ba 0.11 ba.

Ɗan Zuru
Sai na Windows ya ginu ba da hannu ba tukuna.

Malama 'Yar Yawuri
Ni dai Litinin wacce zan saka?

Injiniya Na-Jega
0.9.2 da ke hannunki, Malama, kada ki taɓa komai. CONTRIBUTING ɗin kuma in na rubuta zan turo miki ki ba ɗaliban nan biyu su karanta, duk inda suka tsaya su yi mini alama.